Anti Rariya Ta Bar Kujera

Kowace safiya Anti Rariya ce ke fara shiga ofis. Ta buɗe taga, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta ja kujera, sannan ta buɗe bayanan da aka turo mata. Dogo, wanda teburinsa ke fuskantar nata, ya kalli wannan hidima har ya haddace ta, kuma bai taɓa kallonta da zuciya ɗaya ba.

Kamfaninsu na haɗa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ke amsa wa marasa lafiya a waya, ya ba su lokacin ganin likita, ya ɗaga shi, ko ya soke. Kowane aiki da nasa kayan aikin. Mataimakin kuwa ba ya ganin cikin kayan. Ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne kaɗai yake karantawa, ya zaɓi wanda zai ɗauka. Su Dogo ne ke rubuta bayanan, Anti ce ke cewa sun yi ko ba su yi ba. A nan ta samo sunanta, don tsakuwa ba ta wuce ta.

Dogo gwanin alƙalami ne, ba a ja. In baƙi sun zo, shi manaja ke dafa wa kafaɗa. Anti ko sunanta ba a ambata. Amma duk wanda ya gama rubutu sai ka ji ya ce, "Anti ta gani?" Manajan ma haka yake tambaya, bayan baƙin sun tafi. Ba a taɓa cewa "Dogo ya gani?" ba. Shi aka bar wa tafi, ita aka ba wa amana, kuma wannan rabo ya tsaya masa a maƙogwaro. Kishi yake yi, kishi na gaske, irin wanda ke sa mutum ya ji shayinsa ba sukari.

Kowa a ofis na tuna ranar kayan soke lokaci. Dogo ya tsara bayani mai daɗin karatu, ya miƙa yana jiran yabo. Anti ta karanta, ta miƙe tsaye.

"Daga yanzu ni ce mataimakin," in ji ta. "Ban san komai ba sai abin da ka rubuta. Kai kuma mara lafiya ne. Yi magana."

Dogo ya ce, "Yau da safe ba zan samu zuwa ba."

"Na soke," in ji ta. Ta janye kujerarsa daga bayansa, ta tura wa akantan ofis da ke wucewa. "Ga gurbi, Malam, zauna."

"Haba Anti! Ai da yamma zan zo!"

"Ƙanena, a ina ka rubuta in tambaye ka? A ina ka ce wanda aka soke ba ya dawowa? Ka gaya mini abin da kayan ke yi, ba ka gaya mini inda zan kame hannuna ba. Tsohuwar da ta yi wata tana jiran likitan ido, haka za a tura ta ƙarshen layi?"

Ofis ya ɗauki dariya, akanta ya ƙi tashi, Dogo ya gyara rubutunsa a tsaye. Da aka gwada tsohon bayanin a kan mataimakin, abin da ta yi shi ma ya yi. Wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Anti, ke ce wadda ke mai da kanta jahila don kada jahilcin na'ura ya cuci wani. Ke ce mai mai da rubutu baya ba tare da kin mai da marubucin baya ba. Mutanen da suka ga likita a ranarsu ba su san da ke ba, ba kuma za su sani ba.

Yanzu ido ya gaji, ta ajiye aiki, kujerar ta koma hannun Dogo. Abin da ya daɗe yana hange ya samu, sai dai bai san ko amanar za ta biyo kujerar ba. Ranar farko wata abokiyar aiki ta kawo masa bayani. Ya duba, ya ce ya yi. Ta ɗan tsaya tana murza biro.

"Yaya Dogo, ko in tura wa Anti ta waya, ita ma ta leƙa?"

"Ta yi ritaya! A bar baiwar Allah ta huta mana!"

Ta fita sum-sum. Shi kuwa ya kifa wayarsa a kan tebur, don nasa bayanin tun da safe ya tura wa Anti, kuma ta riga ta dawo masa da shi da tambaya biyu.

Yabon gwani ya zama dole, ko da maƙogwaro na ɗaci. Mun gode, Anti. Allah Ya ƙara lafiya, Ya hutar da idanunki. Ku da kuka rage a kan teburan nan, kafin ku ce rubutu ya yi, ku tuna da wanda zai tsaya a layi in bai yi ba. Wanda kuma zai yi kishin Anti, ya yi irin na Dogo: har yau yana jin haushinta, har yau kuma bai saki layi ɗaya da zai ji kunyar ta gani ba.