Motar da ba ta kai Inna Makka ba

Maigidana direban tasi ne a Jidda, kuma tun da na aure shi ban taɓa ganin ya tuƙa wata mota ba sai ta wani kamfani ɗaya na Amurka. In ta tsufa ya sayar, ya sayo irinta. Ta ukun na fi tunawa, wata doguwa koriya mai faɗin goshi, wadda in ta shigo lungunmu a unguwar Nuzla sai mutane sun manne da bango. Gaskiya ba ta da laifi. Shekara da shekaru tana hanyar Makka, ba ta taɓa ajiye shi a daji ba, kuma kowa ya sha wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

A lokacin ne ƙananan motocin Japan suka fara yawa. Maƙwabcinmu ya sayi ɗaya, maigida ya laƙaba mata gwangwanin madara. A gaban mutumin yake faɗa, ni ce mai jin kunyar.

Sai mahaifiyarsa, Inna, ta aiko daga Sudan cewa bana za ta zo hajji. Ya daɗe yana yi mata alkawarin ran da ta zo, shi zai kai ta Makka da hannunsa, a motarsa, a kujerar gaba. Ana saura 'yan makonni jirgin ruwan su Inna ya iso, wani ƙarfe ya karye a cikin giyar motar.

Ya je unguwar Bagdadiyya wurin mai sayar da kayan gyara. Mutumin ya ce, "Mafi, ya hajji, babu shi. Masu ƙera motar suna yajin aiki a can ƙasarsu, ba abin da ke zuwa. Sai sun koma."

Na ɗauka zai dawo yana zaginsu. Ina! Cewa ya yi duk hannun da ya ƙera mota irin wannan, in ya nemi ƙarin albashi a ba shi kawai. Mutanen da bai taɓa gani ba, ga shi sun zaunar da shi a gida, yana kare su kamar 'yan ɗakinsu.

Makanikinsa na unguwar Khumra ya ce akwai wani ƙarfe na motar wani kamfani, zai goge shi ya zauna daidai.

Na ce, "Malam, ka bari ya sa mana. Inna za ta leƙa cikin giya ne?"

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ba a sa mata baƙon ƙarfe. Bukra kayan za su zo."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wannan bukra, goben da ba ta zuwa. Da ya sauko daga taurin kan, makanikin ya riga ya tafi Mina aikin motocin alhazai.

Inna ta zo ta tarar da mota a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol. A gwangwanin madara aka kai ta Makka, tana gaba kusa da maƙwabcinmu, maigida a baya ya naɗe ƙafa, gwiwa har haɓa. Maƙwabcin bai yi masa gori ba, Allah ya saka masa da alheri.

Ranar da Inna za ta koma, an fito da kaya, ta ce a yaye tamfol ɗin. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ta yi bismilla ta shiga, ta shafa kujerar. Ta ce, "Kai ma shigo mana." Ya zagaya ya zauna ya riƙe sitiyari. Suka ɗan jima a haka, mota ba ta motsa ba.

Ta ce, "To, ai ka ɗauke ni, ka cika alkawari. Allah ya yi maka albarka."

Ƙarfen ya iso bayan an gama yajin aiki, motar ta tashi lafiya lau. Inna kuwa ba ta sake zuwa ba, ta rasu kafin wani hajjin.