Ladanin da Ya Bi Masallacinsa Cikin Ruwa

Shekarun baya, lokacin da aka datse ruwa a Bakolori, ruwan ya cinye ƙauyenmu can wajen Maradun, har da masallacin da mahaifina yake ladanci tun ba a haife ni ba. Aka kwashe mu aka zube kan wani tudu.

A nan Baba ya fara tafiya cikin barci. Gab da asuba sai ya miƙe, ido buɗe amma ba ya ganin kowa, ya ɗauki butarsa ya fita. In ka tsaya gabansa ya kewaye ka kamar turmi. In gari ya waye ya rantse bai motsa ba, ga laka a ƙafarsa.

Mahaifiyata ta ce, "Ka bi shi, amma kak ka tashe shi. Mai tahiya cikin kwana in an tashe shi, kurwatai ba ta komowa." Duk garinmu haka aka sani.

Ga ni ƙaton saurayi, ina bin tsoho a baya kamar ɗan akuya, ina karanto ɗan abin da na iya, wanda ba yawa. Kullum hanyar tsohon gari yake bi, ya kai bakin ruwa ya juyo.

Rannan bai juyo ba. Ya shiga, na bi shi. Gwiwa, ƙugu. Daidai inda rijiyarmu take a da, ya ratse ya kewaye ta. Ya ɗan rusuna ya gai da wani. Ba kowa a wurin sai ruwa. Da ruwan ya kai masa ƙirji, ya sa yatsu a kunne.

In na yi shiru ruwa ya ci shi, in na tashe shi kurwa ta tafi. Ya ja kabbarar farko, ruwa na taɓa gemunsa. Na cafko rigarsa na kurma ihu, "Baba!"

Ya dube ni. "Kai, mi kakai nan? Jama'a na jira na!" Sai ya waiga ya ga ruwa ko'ina. Na riƙo hannunsa muka koma gida.

Kurwarsa dai ba ta je ko'ina ba. Daga baya wani malamin asibiti a Mafara ya ce ciwon barci ne, damuwa ke tayar da shi. A riƙo mutum a hankali a mayar da shi shimfiɗa, a kulle ƙofa. Haka muka yi har abin ya sake shi.

Na yarda ciwo ne. Amma har Baba ya rasu ban taɓa tambayarsa wa ya gaisar a cikin ruwan nan ba. Tsoro nake ya faɗi sunan wanda da hannuna na sa a kabari.