Kanwa a Kan Duro na Uku

Tun ranar da na fara ganin dattijon nan mai malafa ban yarda da shi ba. Baƙar fatar Amurka ne, daga jihohin kudu ya zo, dogo, ba ya magana sai dole. Kullum yana jingine da shingen filin bargar da ke can ƙarshen unguwar Bronx a New York, ya zuba wa 'yata ido tana horar da goɗiyarta. Na ce a raina, mutum ya tsaya yana kallon abin wani haka, ko uffan ba ya cewa, akwai abin da yake ƙullawa.

'Yar tawa sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Turanci, har na gaji da faɗa na ƙyale ta. Tana da shekara goma sha shida ta kamu da son wannan tsere na duro. Wasan ba wuyar ganewa: a jera duro uku a fili kamar duwatsun murhu, ka shigo a sukwane, ka zagaye kowanne, ka fita. Wanda ya fi sauri shi ya ci. In ka kayar da duro a ƙara maka daƙiƙa biyar, kuma a wannan wasa daƙiƙa biyar sallama ce.

Goɗiyar ba tamu ba ce. Ina direban tasi zai ajiye doki a New York? Ta matar da ke da bargar ce, ja ce mai farin goshi, da can 'yan yawon buɗe ido take ɗauka a bi da su cikin itatuwa a jere. Matar ta ga tana da ƙafa, ta ba Mamana ita aron horo, da sharaɗi. In an yi gwajin bazara goɗiyar ta zagaye duro uku lafiya, Mamana za ta tafi da ita gasa. In ta gaza, ta koma layin 'yan yawo. Jikar mai malafa ma tana neman wannan gurbin, kuma gurbi ɗaya ne. Kun ga inda zargina ya samo tushe.

Matsalar farko tsoro ce. Duro na uku yana kusa da shingen da ke bakin babbar hanya, motoci na wucewa fuu, goɗiya ta doso shi sai ta zabura ta yi gefe. Mamana ta yi ta fama, a tafiya, a sassarfa, abu ya ƙi. Ranar nan a mota muna dawowa gida a titin Grand Concourse na ce mata, "Mamana, kakanki da dawaki ya yi fatauci. Na san maganin wannan."

Ta ce da ni, da Turancinta, "Baba, don Allah kar ka ba ta komai. A nan ba a yin haka."

A nan ba a yin haka! Ni da na yi wayo a gindin turke, yau yarinyar da na yanka wa rago take koya mini doki. Na ci gaba da tuƙina.

Mahaifina in doki na tsoron wuri, a wurin yake ba shi abin daɗi, har ya manta da tsoron. Kuma duk wanda ya riƙe doki a ƙasarmu ya san yadda suke son kanwa. Na biya wani kantin 'yan Gana kusa da Fordham Road na sayi ƙulli guda, na daka, na haɗa da dusa. Bayan sallar asuba, kafin in fara ɗaukar fasinja, sai in biya bargar. Sun san ni uban yarinya ne, ba mai hana ni fito da goɗiya ta miƙe ƙafa. In ja ta da ragama har duro na uku, in zuba mata a kan murfinsa, ta lashe tas.

Mako biyu tsoro ya tafi. Mamana ta dawo gida tana tsalle, wai haƙurinta ne ya yi aiki. Na ce, "Madalla, Mamana." Na juya ina murmushi ni kaɗai, na ci gaba da abina.

Sai kuma sabon abu ya ɓullo. Goɗiya ta zagaye na ɗaya, ta zagaye na biyu kamar ruwa, ta zo na uku sai ta rage gudu, ta karkata kai, ta manne masa da kafaɗa. Duro ya faɗi ƙasa rim. Yau haka, gobe haka. Aka duba ƙafafunta, aka duba haƙora, aka sake linzami. Lafiyarta ƙalau.

A nan ne na fara sa wa mai malafa ido sosai. Wata Talata na dawo ɗaukar hulata da na manta, na hango shi a gindin duro na uku da bokiti da tsumma yana goge murfin. Duro na uku kawai, ban da sauran. Na laɓe bayan motar harawa ina kallo. Ya gama, ya shinshina tsumman, ya waiga hagu da dama. Kwana biyu bayan haka na same shi a ɗakin goɗiyar ya buɗe mata baki yana leƙawa. Da ya gan ni ya sake ta, ya yi mini wani irin kallo tun daga takalmi har hula, ya wuce ko sannu babu.

Na gaya wa uwargida. Ta ce, "Malam, Ba'amurke ina ya san sammu?"

Na ce, "Mugunta ai ba ta da ƙasa. Wani abu yake shafa wa duron nan."

Ta ce, "To ka tambaye shi mana."

In tambaye shi ya ce mini me? Na dai ƙara yawan kanwar, don a ganina in yana shafa abin da ke rikita ta, gara in rinjaye shi da abin da take so. Ya goge da hantsi, in zuba da asuba. Haka muka yi ta yi kusan wata guda, ni da shi, ba mai ce wa wani kanzil.

Ranar gwaji Asabar ce, rana ta fito sosai. Jikar mai malafa ta fara shiga, ta fita lafiya, amma gudunta bai kai na Mamana ba, kowa ya sani. Mamana ta shigo. Wallahi duro biyun farko ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, har na miƙe tsaye ina ihu da Hausa. Ta doshi na uku. Goɗiya ta karkata kai. Rim.

Ban san lokacin da na tsallake shinge ba. Na je gaban dattijon, a gaban mai barga da iyayen yara, na nuna shi da yatsa. Na ce na gan shi da idona, na gan shi da tsumma, na gan shi a bakin goɗiya, ya faɗa wa mutane abin da yake shafawa. Turancina in raina ya ɓaci karyewa yake, amma kowa ya gane.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce da Mamana ta sauka ta cire wa goɗiyar linzami. Ya tayar da duron, ya koma gefe. Goɗiya ta taka a hankali, ba mai jan ta, ta wuce kowa, ta je ta ɗora baki a kan murfin tana lasa.

Ya ce, "Wata guda ke nan ina wanke wani farin gari a kan duron nan. Ban san mene ne ba, na ɗauka wani ne ke son cutar da dabbar. Na so in kama shi kafin in yi magana." Sai ya dube ni. "Wa ke fito da ita da sassafe?"

Ashe duk kallon da yake yi mini, shi ma zargina yake. Bambancinmu, shi nasa zargin gaskiya ne.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Mamana tana tsaye da linzami a hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe baki, kuma da Hausa ta yi maganar, Hausa tsantsa wadda na shekara goma ina roƙon in ji daga bakinta, don kada waɗanda ke wurin su ji abin da za ta gaya wa ubanta.

"Baba, ai na ce maka kar ka ba ta komai."

Dattijon ya roƙi mai barga ta ƙara lokaci. Ya ce za a iya cire wa goɗiyar wannan ɗabi'a, amma sai an yi watanni. Matar ta ce sharaɗi sharaɗi ne. Jikarsa ta tafi gasa. Na je har inda yake na ba shi haƙuri, ya taɓa bakin malafarsa, shi ke nan.

Mamana ba ta sake zuwa bargar ba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, tana gaishe ni kullum da safe, da Turanci. Takalman hawanta suna nan bayan ƙofa inda ta cire su ranar.

Ni ina biyawa wani lokaci in fasinja ya kai ni wajen. Nakan tarar da goɗiyar a layi, ta huɗu ko ta biyar, da wani baƙo a bayanta yana ɗaukar kansa hoto. Tana hango ni sai ta fita daga layin, mai jagora yana yi mata tsawa, ta zo bakin shinge ta cusa hanci a aljihuna tana nema.