Wofa Asenso da Garabasar Banki

Duk Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, babu wanda bai san Kwadwo Asenso ba. Tun bai yi furfura ba kowa ke ce masa Wofa, wato kawu, har waɗanda suka girme shi. Daga garin Agogo ya zo yana saurayi, ya fara da wanke notina da fetur a shagon wani, yau ga shi da shaguna uku, yana sauke kwantena daga Dubai. Dattijon coci ne, ba ya sha, ba ya caca. Lalurarsa guda ce: ba ya iya wuce abin da aka ce kyauta ne. Matarsa Maame Dufie, mai sayar da atamfa a kasuwar Makola, ta ce rabonta da sayen sabulu tun da ya fara kwana a otal.

To irin wannan mutum ne banki ya ba wa katin bashi na manyan 'yan kasuwa. Kuɗin shekara ba kaɗan ba ne, amma da ma'aikaciyar bankin ta ce da katin zai riƙa shiga falon manya a filin jirgi, ya ci ya sha kyauta, har ya shigar da baƙo, Wofa bai bari ta kai aya ba ya ce a kawo biro.

Daga nan tafiya ta zama biki. Jirgin yamma ne, amma da hantsi Wofa ya hallara. Ya karya a falon, ya ci na rana, ya miƙe a kujera mai laushi ya yi minshari, ya tashi ya wanke baki da shinkafa da kaza. In ya dawo kasuwa kuwa, maƙwabcin shagonsa Nii Lantei ne ke shan labari.

"Nii, kai fa a wajen talakawa kake zama ko? Inda ake rungume jaka kamar jariri?"

"Jirgi ɗaya dai muke hawa, Wofa, kuma tare muke sauka."

"Tare muke sauka, amma ni da ƙoshi."

Shekaru aka yi a haka. Wata tafiya ta haɗa su, Wofa ya ce yau zai nuna wa Nii yadda duniya take. Ya hana shi karyawa a gida. Suka isa ƙofar falon, Wofa ya miƙa kati yana gyara wuyan riga. Yarinyar da ke ƙofa ta duba na'urarta, ta yi murmushin nan na masu shirin ba da haƙuri.

"Yallaɓai, bankinku ya sauya tsari tun watan jiya. An daina shigar da baƙo. Kai ma sau huɗu ne a shekara, kuma sai jirginka ya kusa tashi."

"'Yata, duba da kyau. Asenso ne. Ni ne mai zama kusa da tukunyar miya."

"Na gane ka sarai, yallaɓai. Duk mun gane ka."

Nii Lantei ya riƙe ciki, rabi dariya rabi yunwa. Ranar a benci suka zauna rungume da jakunkuna, Wofa ya sayi burodi da nama a farashin da har yau in ya tuna sai ya yi tsaki.

Da ya dawo bai ko sauke gajiya ba ya nufi banki. Wani matashi mai ɗamammiyar kwat ya zaunar da shi, ya ce ai ba rage garabasa aka yi ba, inganta ta aka yi, shi ya sa ma kuɗin shekara ya ƙaru. A madadin falon, yanzu akwai gidan motsa jiki kyauta, da tausa sau ɗaya a wata, da wankan dabbar gida a wani shago a unguwar masu kuɗi ta East Legon.

"In ka yi amfani da su duka, yallaɓai, abin da za ka mora ya ninka abin da ka biya."

"In kuma ban yi ba?"

Matashin ya buɗe hannuwa. Wofa ya fahimta. Wato bankin ya zuba ido ne mutane su yi kasala ya cinye. Ya miƙe ya ce, "Ku gaya wa manajanku ya taɓo ɗan Agogo."

Washegari da sassafe ya bayyana a gidan motsa jiki cikin gajeren wando da takalmin zuwa coci, tumbi na gaba yana biye. Aka ɗora shi kan injin gudu. Ya yi tafiya har ya jiƙe sharkaf, ya duba ya ga yana nan inda yake, ya ce wa mai horarwa wannan ai asarar ƙafa ce, da a titi ne da ya kai unguwar Kaneshie. Amma da ya ji ana ba da tawul da ruwan sanyi kyauta, kullum sai ya zo.

Tausa ce ta so ta gagare shi, don Wofa mutum ne mai jin cakulkuli. Da an taɓa haƙarƙarinsa sai ya ƙyalƙyale yana shure-shure, har na ɗakin kusa suka kai ƙara. Mai tausar ta ce ko a haƙura. Ya ce ina, a ci gaba, ba zai bar wa banki ko minti ɗaya ba. Haka yake fitowa duk wata da jajayen idanu kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Saura wankan dabba, ga shi Wofa ba kare ba kyanwa. Ya kwana biyu abin na cin sa, har ranar da ya leƙa bayan gida ya yi ido huɗu da bunsurun da Maame Dufie ta saya tana kiwo saboda Kirsimeti.

"Kwadwo, ina za ka kai min bunsuru?"

"Wanka."

"Kai da shi wa ya fi buƙatar a duba kansa?"

Ya saka shi a bayan mota sai East Legon. Shagon sai ƙamshi ke tashi, matan manya zaune da 'yan karnukansu masu gashi kamar auduga. Bunsuru na shiga warinsa ya riga shi gaisawa da kowa. Mai shagon ta toshe hanci ta ce su karnuka da kyanwoyi suke wankewa.

"Banki ya ce dabbar gida. Wannan a daji kika gan shi? A gidana yake kwana."

Ta tambayi sunan bunsurun. Wofa bai taɓa tunanin bunsuru na da suna ba, ya ce, "Manaja."

Mutum uku suka taru kan Manaja. Ya cinye ƙyallen wuyan karen wata mata, ya hango wani bunsuru a madubi ya ja da baya ya kai masa karo, madubi ya tarwatse. Wofa ya biya kuɗin madubi yana cewa ba komai, wankan dai kyauta ne. Amma fa da aka fito da shi, an taje gemu, an goge ƙaho da mai, an fesa turare, Wofa da kansa sai da ya buɗe masa ƙofar gaban mota.

Labari ya riga shi isa kasuwa. Nii Lantei ya riƙa leƙowa yana cewa, "Wofa, ya jikin Manaja? Yaushe za a kai shi tausa?" Shago kuwa sai safiya ta yi nisa ake ganin mai shi. Tumbi ya zube, riguna suka yi masa yawa, tela ya samu ciniki.

Kirsimeti ta zo, Maame Dufie ta kira mahauci, ta jera tattasai da albasa. Wofa ya fito ya tsaya tsakanin wuƙa da bunsuru.

"Ba za a yanka shi ba. Shekarar katin sai Maris take ƙarewa. In aka yanka shi, wa zai yi sauran wankan?"

"To mu ci katin da fufu?"

Dole ya tafi kasuwar dabbobi a jajibirin biki, lokacin da akuya ke tsadar saniya, ya sayo wani. Manaja na tsaye yana ƙamshi aka yi miyar ɗan'uwansa.

Da Maris ta zo, banki ya sake inganta garabasa. Aka cire wankan dabba da motsa jiki, aka kawo darasin wasan ninƙaya da rangwame a shagon furanni, kuɗin shekara ya ƙara hawa. Maame Dufie ta ajiye ludayi ta ce, "Kwadwo, in na gan ka a ruwa da ɗan kamfai a shekarunka, gidan ubana zan koma." Wofa ya daɗe yana nazarin furannin nan, ya ga ko shi bai san inda zai kai su ba. Ya je ya mayar da katin, ya karɓi na kowa da kowa, ya gaya wa matashin mai kwat cewa an yi kunnen doki.

Likita ya ce hawan jininsa ya sauka, abin da magani ya kasa yi shekara da shekaru. Wofa bai yi murna sosai ba, don yanzu da kuɗinsa yake zuwa motsa jiki, jiki ya saba, in bai je ba sai ya wuni yana ciwon gaɓoɓi. In tafiya ta kama, Maame Dufie na ƙulle masa kenke, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi da yaji, su baje a benci shi da Nii Lantei suna ci suna gardamar farashin birki.

Manaja kuwa ya tsufa a gidan, ba mai maganar yanka shi. Ran Asabar da hantsi, in ka bi ta layinsu a unguwar Dansoman, za ka tarar da Wofa ya naɗe hannun riga, ga bokiti ga soso, yana faɗa da bunsuru.

"Tsaya mana, Manaja! Ɗaga ƙafa. Kai ko sisi ba ka taɓa biya ba, amma ka fi kowa iyayi."