Malam Bukar da Sarƙar Kabon

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shagon mahaifina a kasuwar Azare, ina auna wa wata mata yadi, sai ga ƙanen Malam Bukar ya jingine kekensa. Bai ko zauna ba ya ce, "Adamu, Malam ya rasu a hanyar Kano." Na ajiye almakashi na bi shi, mahaifina ya ƙarasa cinikin.

Malam Bukar shi ne malaminmu na kemistiri a sakandare. Iyayensa daga Barno suka zo, amma shi haihuwar nan ne. Bayan mun gama makaranta bai rabu da mu ba. Duk la'asar yana shimfiɗa tabarma a zaurensa don masu shirin jarrabawar shiga jami'a. Ni likitan haƙori nake son zama, kuma sau biyu kemistiri tana kayar da ni a wuri guda, wato sunayen sinadaran kabon. Mahaifina ya riga ya faɗa mini cewa bana ce ta ƙarshe. In na sake faɗuwa, shago na jirana.

Ban taɓa tsanar wani karatu kamar wannan ba. Littafin da muka yi makaranta da shi tsohon yayi ne, sunan da muka haddace daban, wanda masu jarrabawa ke so daban. Malam sai ya zubo ƙwallayen dabino, kowanne kabon ɗaya, ya haɗa su da tsinken tsintsiya su yi sarƙa mai rassa, ya ce mu raɗa mata suna. Yakan ce, "Nemo doguwar sarƙa tukuna, sauran duk 'yan rakiya ne." Ni kullum daga hagu nake fara ƙirga kamar yadda boko ya saba mini. Abokina Haruna, wanda ya daɗe a makarantar allo a Shira, shi kuma daga dama. Malam ya dube mu ya girgiza kai. "Wannan ba allo ba ne, ba kuma boko ba. Inda reshe ya fi kusa, nan ne farko." Wata rana haushi ya sa na watsar da ƙwallayen, na ce me ya haɗa wannan da haƙoran mutane. Bai yi faɗa ba. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya sake jerawa, ya turo mini.

Tun damina haƙorinsa na ƙasa ke ciwo. Yana koyarwa da kanumfari a kunci, magana na fita da ƙyar. Matarsa, Malama Falmata, ta yi magiya har ta gaji, ni ma na yi. Likitan haƙori sai an yi tafiya mai nisa, shi kuwa ya ce ba zai bar mu ba jarrabawa na matsowa. Da na matsa masa sai ya yi murmushi ya ce, "Kai nake jira ka cire mini shi, Adamu. Ka dai fara ƙirga daidai." Wurin ya kumbura, kumburin ya sauka daga muƙamuƙi zuwa wuya. Ranar da ya yarda a saka shi a mota, numfashi ma ya fara gagararsa.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma zan faɗi gaskiya, raina a ɓace yake. Ina jin haushin taurin kansa, ina jin haushin cewa haƙori guda ya ɗauke mutum irin wannan a gari kamar namu, ina jin haushin sunayen nan da har yau wasunsu ke ruɗa ni. Haruna ya ce mu ci gaba da zama a zauren, Malama Falmata ta amince. Jiya mun yi gardama a kan wata sarƙa har magariba, babu mai raba mu.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Malama Falmata da 'ya'yansa haƙurin rashi, ya raya su bisa tarbiyyarsa. Jarrabawa na nan tafe kuma zan zauna mata. Ya Allah, ka ba garin nan likitan haƙori, ko ni ne ko wani.