Garin da Malam Ya Ce a Nemo Mana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina. A nan Agiye ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Likitan Shanu ake ce masa. Ni kuwa Malam nake kiransa tun ranar da aka kai ni gidansa, shi kuma yana ce mini Madam, kamar yadda ƴan lakol, wato ɗaliban da na koyar, suke cewa. Kowace shekara idan bazara ta kama, iska ta tsaya, bango ya riƙe zafi har gari ya waye, sai in ji shi kusa da ni fiye da kowane lokaci. Bana na ce bari in rubuta wani abu a kansa, in kuma gode wa Allah a bainar jama'a.

Malam ya yi aikin kula da lafiyar dabbobi fiye da shekara talatin. A kan babur ya yi yawancinsu, daga ruggagen Gangara zuwa ƙauyukan Gidan Rumji, yana allurar rigakafi, yana karɓar haihuwar shanu, yana dawowa gida da warin garke a rigarsa. A wancan lokacin, rana ba ta dame shi ba. Sai da ya ajiye aiki hawan jini ya kama shi, zuciya ta yi rauni, zafi ya zama abokin gabarsa. Ni kuma nawa ciwon na sanyi ne. Gwiwoyina ba sa shiri da hunturu, idan sanyi ya shigo sai na dafa bango nake miƙewa daga sallaya. Haka gidanmu ya kasance: watannin sanyi shi yake dafa mini ruwan alwala, watannin zafi ni nake jiƙa zane ina shimfiɗa masa a ƙirji.

A wajenmu ba a lissafa shekarun aure. Ni kaina ban san mun kusa cika arba'in ba sai da ƴarmu Rabi, wadda ta yi karatu a Maroko, ta lissafa daga shekarun yayanta. Shi ne ɗanmu na fari, ba na faɗin sunansa, yana aiki a Yamai. Su biyun suka haɗa baki suka zo gida da magana: suna son su tura mu ƙasar waje a watan huɗu, mu huta, mu kuma tsere wa tsakiyar bazara. Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Aure ai ba makaranta ba ne da za a ba mutum hutu don ya ci jarrabawa." Amma na lura bai ce a'a ba.

Daga nan aka shiga neman gari. Babban ya kawo Faransa, domin yana da aboki can da zai karɓe mu. Rabi ta ce a wannan lokacin sanyinsu bai gama tafiya ba, ga ruwan sama mai ratsa ƙashi. Malam ya kalli ƙafafuna ya girgiza kai, aka wuce. Matar babban ta kawo Dubai, ta nuna mana hotunan gine-gine a salula. Malam ya tambayi yadda ranarsu take, aka faɗa masa. Ya ce, "Wato in biya jirgi in je in zauna cikin ɗaki mai na'urar sanyi, in leƙa waje ta taga. Ai wannan ko a Maraɗi zan samu."

Labari ya kai Gidan Sori, wurin wansa Alhaji Nomau, manomi mai faɗa a ji a danginsu. Bai aiko kowa ba, da kansa ya zo. Ya ce bai taɓa jin tsoho da tsohuwa sun bar gida don shan iska ba, idan yara sun samu hali to Umra ta fi, ita ce guzurin da ya dace da furfura. Ina bayan labule ina ji, ina tsammanin zai janye, domin Malam bai saba musu da wansa ba. Sai na ji ya ce, "Yaya, gaskiyarka. Amma ka san yadda aka dawo da ni daga Hajji, a kujerar marasa lafiya. Idan Allah Ya ƙara lafiya za mu koma. Ita wannan baiwar Allah shekara arba'in tana jirana in dawo daga daji. Ban taɓa kai ta ko'ina ba sai biki da ta'aziyya." Alhaji Nomau ya sha furarsa, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Bai gamsu ba, amma bai hana ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka.

Rigimar da ta fi wannan a tsakaninmu ta tashi, ni da Malam. Na san tun yana saurayi yake son ganin tsaunukan Gaundare a Kamaru. Makiyayan da yake yi wa aiki sun sha ba shi labarin ciyawar can da shanunta da sanyin iskarta, yakan dawo gida ya maimaita mini kamar ya gani da idonsa. Na ce can za mu. Shi kuwa ya dage sai Lome a Togo, wai direbobin Maraɗi sun tabbatar masa babu sanyi ko kaɗan, gwiwoyina za su saki. Na ce masa su direbobin ba su faɗa masa irin gumin da ake yi can ba, wanda mai lafiyar zuciya ma yake haki. Ya ce ni ma ban faɗi cewa a Gaundare damina ta fara a watan huɗu ba, ga laima ga hawa da gangara. Muka yi ta yi. Abin ya fara da wasa, ya koma fushi na gaske. Na ce masa taurin kai ne zai kashe shi, ya ce mini tun da na yi shekaru ina ba yara umarni na manta yadda ake sauraro. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da Rabi ta bugo ta tambayi inda aka tsaya, na ce mata a bar maganar tafiya.

Ana cikin haka ya tafi kasuwar Gangara. Ya ajiye aiki, amma makiyaya ba su ajiye shi ba, wani tsohon abokinsa Ardo ya roƙe shi ya duba masa bijimi kafin ya saya. Zafi ya riga ya fara. Da azahar aka bugo mini cewa ya yanke jiki ya faɗi a karar shanu. A amalanke suka fito da shi bakin hanya, daga nan mota ta kai shi Maraɗi. Tafiyar da na yi daga Agiye zuwa asibitin nan ba na fatan ko maƙiyina ya yi irinta. Abin da nake ta faɗa wa Allah a cikin mota shi ne kada Ya ɗauke shi muna cikin fushi.

Ya farfaɗo. Likita ya ce zuciyar ta jigata, kada ya hau tsauni, kada ya yi doguwar tafiyar mota, kada kuma ya sake bari rana irin wannan ta same shi a waje. Da likitan ya fita na ce, "Malam, shi ke nan, mun huta da maganar tafiya." Malam ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Madam, ni da ke duk mun ɓata hanya. Ke kina nema mini gari, ni ina nema miki. Ki ce wa Rabi ta nemo inda za mu iya fita mu taka ƙasa tare. Ba na son inda zan fita in bar ki a ɗaki, ba na son inda za ki fita ki bar ni."

Da na faɗa wa Rabi, ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce akwai wani gari a bakin teku a Maroko, Agadir, inda ta taɓa zuwa hutu tana ɗaliba. Ba tsauni ba ne, rana tana fitowa amma iskar teku tana kashe mata kaifi, sanyin kuma bai wuce na mayafi ɗaya ba. Ga masallatai, ga abincin da ba sai mun tambayi yadda aka yanka ba. Aka koma wurin likita, ya ce idan Malam ya ƙara jin ƙarfi, jirgi ba zai cutar da shi ba. Muka jira ya murmure, muka tafi.

Ban taɓa ganin teku ba sai ran nan. Na tsaya ina ta kallon ruwan. Malam kuwa tambayar farko da ya yi wa mai otel ita ce ina ake kiwo a nan. Washegari da hantsi muka fita. Akwai doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya a gefen ruwa, mutane suna tafiya a kanta ba don za su ko'ina ba. Na bi bayansa kamar yadda na saba, domin a Agiye mace ba ta jerawa da mijinta a titi, shi yana gaba ita tana baya, ko kuma kowa ya kama hanyarsa a haɗu can. Sai ya tsaya ya waiwayo. "Ba a bayana na ce ba," in ji shi. Na matso. Ya kama hannuna ya ɗora a damtsensa, wai don gwiwoyina. Kunya ta kama ni kamar amarya, ina ta duba ko akwai wanda ya san mu. Babu wanda ya ko kalle mu. Mun yi tafiya mai nisa ran nan, shi bai yi haki ba, ni ban nemi wurin zama ba.

Wata rana aka fita da mu bayan gari, muka ga awaki a kan bishiya, sun hau har reshen sama suna cin ƴaƴanta. Malam ya sa aka tsayar da mota. Ya je wurin makiyayin, ba su da yare ɗaya, amma sai ga su sun kama akuya suna buɗe mata baki, suna duba kofato, suna gyaɗa wa juna kai. Da ya dawo ya ce, "Sun iya hawa, amma ko kusa ba su kai jar akuyarmu ta Maraɗi kyan fata ba." Bai ga shanun Gaundare ba har ya bar duniya. Na taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa. Ya ce ya ga shanu sun ishe shi, abin da bai taɓa gani ba shi ne ni ina cin kifi da hannu biyu ina dariya.

Da muka dawo gida na ɗauka abin ya ƙare can. Amma da damina ta sauka gari ya yi sanyi, bayan la'asar sai ya ce in ɗauko mayafi. Muka fita ta bayan gari har bakin gonaki, a jere. An yi magana. Wasu sun ce tsofaffin nan sun je ƙasar Larabawa sun koyo sabon salo, wasu matan unguwa suna rufe baki suna dariya. Malam yakan ɗaga musu hannu ya gaishe su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu muka yi muna wannan fita, duk ranar da jikinsa da nawa suka yarda. A bazara ta uku zuciyar ta tsaya, a gida, bayan sallar asuba, ina kusa da shi.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Zafi ya ƙaru, ko kuma ni ce na tsufa. Na san zai yi murna da farantan hasken rana da yara suka kafa mana a rufi, fanka tana juyawa ko an ɗauke wuta, sai dai zai ce ta zo a makare. Zai yi murna da itatuwan gawo da manoma suka bari suna girma a gonaki, inuwa ta ƙaru a hanyar da muke bi. Matasa kuma yanzu sun iya lissafin shekarun aure, ana yanka kek, ana ɗaukar hoto ana turawa duniya ta gani. Ba na jin zai tsane su. Ina jin dai zai tambayi angon ko ya san abin da ke sa matarsa ciwo, da watan da ciwon yake tashi. Wasu cikin tsofaffin ɗalibaina sukan zo su tambaye ni wace ƙasa ce ta fi daɗin iska, suna so su kai matansu. Nakan ba su labarin Agadir, amma nakan ce su fara zama da matan su ji, domin garin da ya yi mana daidai ba lalle ya yi musu ba.

Malam bai bar dukiya mai yawa ba. Ya bar gida, ya bar yara masu tausayi, ya bar suna a ruggage, har yau idan kaka ta yi sai na ga ƙwaryar man shanu daga mutanen da ban san fuskokinsu ba. Ni kuma ya bar mini fitar la'asar. Bayan na gama takaba na ji nauyin fita ni kaɗai, sai wata maƙwabciyata da ita ma ta rasa miji ta ce za ta raka ni. Yanzu mun kai mu biyar, duk tsofaffi, muna tafiya a hankali har bakin gonaki mu dawo kafin magariba. Kwanan baya muka haɗu da wani magidanci da matarsa a hanyar, a jere, tana ɗauke da goyo yana riƙe da hannun babban yaronsu. Suka gaishe mu suka wuce, babu wanda ya yi dariya.

Na gode wa yaran da suka yi tunanin tura mu, na gode wa Allah da Ya ba mu lokaci muka shirya kafin Ya raba mu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Likitan Shanu a addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sada mu a gidan da babu zafin rana kuma babu tsananin sanyi.