Ranar da Baba ya buɗe min ƙofa a rauta

Ina garin Miga wajen sunan ɗiyar yayata, ambaliya ta datse hanya, sai ga waya: katin ɗaurin auren da na tsara akwai kuskure a sunan ango, kuma gobe za a buga. Aikin kuwa yana cikin kwamfutar shagona a Haɗeja.

Babu wanda zan tura sai Baba. Ya ɗauki mabuɗi da tabaransa ya tafi.

Na ce masa a waya, "Baba, ka ga akwatin nan da ke ba mu intanet? Shi ne rauta. Wata 'yar ƙofa za mu buɗe a cikinsa, don in shigo kwamfutar daga nan."

Da yatsa ɗaya ya riƙa dannawa, ina karanto masa lambar ƙofar da adireshin kwamfutar. Da ya gama, na gwada daga kwamfutar yayata, sai ga ni a ciki.

Can na ji ya ce, "Innalillahi! Halima, kibiyar nan ta fuskar kwamfuta tafiya take ita kaɗai!"

"Ni ce, Baba."

Sai ya ce, "To ke haka ake shigowa wuri, babba na zaune, ko sallama babu?"

Dariya ta kusa kayar da ni. Na yi sallama, ya amsa har da barakatuhu. Na gyara sunan ango, muka rufe ƙofar don kada ɓarayin intanet su biyo sawu.

Iyayenmu dai Allah Ya bar mana su. Naku wace magana suka taɓa yi muku a kan na'ura?